Da Japan Ba Ta Kai Hari Pearl Harbor Ba, Da Amurka Ta Shiga Yaƙin Hitila?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A makaranta an koya mana cewa Amurka 'yar ba-ruwanmu ce a Yaƙin Duniya na Biyu, sai da Japan ta kai mata hari a Pearl Harbor sannan ta shiga. Abin da ya ɗaure mini kai, Japan ce ta doke ta, amma sai ta fi mayar da ƙarfinta kan Jamus. Yaya aka yi haka? Kuma da ba a kai harin ba, da a gefe za ta zauna har a gama?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Abin da aka koya muku gaskiya ne, gutsure shi kawai aka yi don ya shiga takardar jarrabawa. Ni yadda nake faɗa wa ɗalibaina, ranar 7 ga Disamba 1941, da Japan ta kai hari kan sansanin jiragen ruwan yaƙin Amurka na Pearl Harbor a tsibiran Hawaii, ranar ɗaurin aure ce, amma kafin nan an daɗe ana zance, an kai gaisuwa, an kai lefe, unguwa duk ta sani. Wata guda kafin harin, jiragen ruwan yaƙin Amurka suna raka ayarin jiragen kayan Ingila a Tekun Atlantika, da umarnin su buɗe wuta kan duk jirgin yaƙin Jamus da suka hanga. An riga an kashe mata sojojin ruwa sama da ɗari. Masana'antunta suna ƙera wa Ingila da Rasha makamai a kan aro. Ƙasar ke nan da a takarda ake ce wa 'yar ba-ruwanmu.

Sai mun ɗan koma baya kafin ka gane abin da ya sa aka bi ta wannan doguwar hanya.

Gudun rigimar Turai tsohuwar aƙida ce a Amurka. Tun 1796 George Washington, a jawabinsa na sallama da mulki, ya gargaɗe su kada su ƙulla ƙawance na dindindin da wata ƙasa. Sun riƙe wannan fiye da shekara ɗari, sai a watan Afrilu 1917 Shugaba Woodrow Wilson ya kai su Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana ce musu yaƙi ne na kare dimokuraɗiyya. Sojojinsu kimanin 116,000 suka mutu, fiye da rabinsu ma cuta ce ta kashe su. Da aka gama, Ingila da Faransa suka raba ƙasashen da Jamus da Turkiyya ke mulka a tsakaninsu, Majalisar Dattawan Amurka kuwa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Versailles da aka rufe yaƙin da ita, ƙasar ta ƙi shiga ƙungiyar ƙasashen duniya da Wilson ɗin da kansa ya ƙirƙiro. Sannan ga bashi. Ƙasashen da aka ranta wa kuɗin yaƙi suka daina biya ɗaya bayan ɗaya bayan tattalin arziki ya karye a 1929, ban da Finland, wadda ta ci gaba da biyan nata daidai wa daida. Ka ɗauki manomi a jihar Kansas a 1933, lokacin da ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aiki, banki na neman ƙwace masa gona, ɗan'uwansa kuma yana kwance a maƙabartar sojoji a Faransa. Ka je ka ce masa ya sake tura ɗansa Turai.

Daga 1934 zuwa 1936 wani kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Gerald Nye ya yi ta zaman sauraron bahasi kan masu ƙera makamai da manyan bankuna. Kwamitin bai tabbatar da cewa su ne suka haddasa shiga yaƙin 1917 ba, amma ya baje irin ƙazamar ribar da suka ci, da kuma yadda bankunan Amurka suka ranta wa Ingila da ƙawayenta sama da dala biliyan 2 tun ƙasar ba ta shiga yaƙin ba. Jama'a suka kammala lissafinsu da kansu: an zubar da jinin 'ya'yansu ne don kada masu kuɗi su yi asarar bashinsu.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Majalisa ta zauna ta duba duk ƙofar da yaƙi ya biyo ya shigo a 1917, ta bi su tana toshewa da doka. An sayar wa masu yaƙi makamai? Dokar 1935 ta hana sayar wa kowane ɓangare. An ba su bashi? Dokar 1936 ta haramta. Amurkawa sun mutu a cikin jirgin fasinjan Ingila, Lusitania, da Jamus ta nutsar a 1915? Dokar 1937 ta hana Ba'amurke hawa jirgin ƙasar da ke yaƙi. Dokoki ne masu kyau da a ce yaƙin da ya wuce ne zai dawo.

Aibinsu ya fito tun a gwajin farko, kuma a Afirka aka yi shi. Da Musolini, shugaban Italiya, ya afka wa Habasha a watan Oktoba 1935, Shugaba Franklin Roosevelt ya aiwatar da dokar kan ɓangarorin biyu, kamar yadda ta tanada. Italiya tana da masana'antun makamanta, takunkumin bai dame ta ba. Habasha ce ke buƙatar saye daga waje. Man fetur kuwa, wanda shi ne abin da Italiya ke nema ido rufe, ba ya cikin jerin abin da aka hana, don haka kamfanonin Amurka suka ma ƙara yawan wanda suke kai mata. Doka ba ta tambayi wa ya fara ba.

Don ka ga zurfin abin: a watan Disamba 1937 jiragen saman Japan suka nutsar da wani ƙaramin jirgin yaƙin Amurka mai suna Panay a kogin Yangtze na ƙasar Sin, da rana tsaka, ga tutar Amurka a jikinsa. Japan ta ba da haƙuri, ta biya diyya, magana ta wuce. Bayan wata guda ma sai ga wani ƙudiri a Majalisar Wakilai da ke neman a gyara tsarin mulki, ya zama ba za a shiga yaƙi ba sai an yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, in ba ƙasar aka kawo wa hari ba. Da ƙyar aka daƙile shi, 209 da 188.

Shi Roosevelt ya san inda zuciyarsa take, ya kuma san bai isa ya ja jama'a da ƙarfi ba. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba 1939 ya yi musu magana ta rediyo, ya ce ƙasa za ta zauna tsaka-tsaki, amma ba zai nemi kowane Ba'amurke ya zama tsaka-tsaki a zuciyarsa ba. Masu shekaru sun gane abin da yake nufi, domin a 1914 Wilson cewa ya yi a zama tsaka-tsaki a aiki da kuma a tunani. A watan Nuwamba Majalisa ta sassauta doka: duk mai yaƙi yana iya sayen makamai, muddin ya biya kuɗi hannu, ya kuma zo da jirginsa ya kwashi kayansa. A rubuce kowa da kowa ne. A zahiri jiragen yaƙin Ingila ne ke tsare da teku, jirgin kayan Jamus ba shi da hanyar zuwa New York ya koma lafiya. Tun daga nan ba-ruwanmu ta fara zama suna kawai.

Abin da ya juya komai shi ne faɗuwar Faransa, kuma nan ne littattafan makaranta suka fi yin gaggawa. Amurkawa, har da manyan hafsoshinsu, sun ɗauka yaƙin zai yi kama da na farko: Faransa mai ɗimbin soja za ta tsare Jamus shekara da shekaru, Ingila ta tsare teku, su kuma su yi cinikinsu daga nesa. Jamus ta fara kai farmaki ranar 10 ga Mayu 1940. Ranar 14 ga Yuni sojojinta suna cikin birnin Faris. Mako shida aka yi aka gama da ƙasar da ta jure shekara huɗu a wancan karon. Nan take tambaya ta canza. Da ana tambayar ko ya dace a taimaki Turawa ne. Yanzu sai aka koma tambayar, in Ingila ma ta faɗi, jiragen ruwan yaƙinta suka koma hannun Hitila, wa zai tsare Atlantika? Rundunar ruwan Amurka mafi yawanta tana Tekun Fasifik tana kallon Japan. Sojojinta na ƙasa a 1939 ba su kai 200,000 ba. Tekun da suke taƙama da shi a matsayin ganuwa, ashe Ingila ce mai gadinsa, ba su taɓa biyan ta ladan gadi ba.

Majalisar da ke ƙwauron kuɗin soja sai ga ta tana zuba biliyoyi. Roosevelt ya nemi a riƙa ƙera jiragen sama 50,000 a shekara, aka yi dokar gina rundunar ruwa da za ta iya tsare teku biyu. Ya ɗauko manyan 'yan jam'iyyar adawa ta Republican biyu, Henry Stimson da Frank Knox, ya ba ɗaya ma'aikatar yaƙi, ɗaya ta sojan ruwa. A watan Satumba aka yi abin da ba a taɓa yi ba a tarihin ƙasar lokacin zaman lafiya, wato dokar ɗaukar soja ta tilas, ga maza 'yan shekara 21 zuwa 35, na tsawon shekara guda. A watan ne kuma ya ba Ingila tsofaffin jiragen ruwan yaƙi 50, ragowar yaƙin farko, ita kuma ta ba shi hayar wuraren kafa sansani a Newfoundland da Bermuda da tsibiran Karibiyan na shekara 99. Bai kai maganar Majalisa ba, sai da aka gama ya sanar da ita. Ƙasar da ke yaƙi aka miƙa wa jiragen yaƙi. Da Hitila na neman dalilin faɗa, ya samu tun ranar.

Ƙasa ta dare biyu. Ɓangare ɗaya na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma hanyar shafa ruwan ita ce a ba Ingila duk abin da take buƙata don yaƙin ya tsaya can. Ɗaya ɓangaren suka kafa ƙungiyar America First, wadda a ganiyarta ta tara mambobi kusan 800,000. Ya kamata a yi musu adalci, domin yanzu an saba yi musu kuɗin goro a ce magoya bayan Hitila ne. Akwai irin waɗannan a cikinsu, amma mafi yawa manoma ne da 'yan kasuwa da ɗalibai da iyaye mata masu tsoron a maimaita 1917. Gerald Ford, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, yana cikin ɗaliban jami'ar Yale da aka fara tafiyar da su. Hujjarsu kuma ba ta banza ba ce: sun ce taimako mataki-mataki ƙarshensa yaƙi ne, kuma haka ɗin aka yi. Babban mai magana da yawunsu, Charles Lindbergh, matuƙin da ya fara tsallaka Atlantika shi kaɗai ba tsayawa a 1927, shi ya zubar musu da mutunci a watan Satumba 1941, da ya tsaya a garin Des Moines ya ce Ingilishi da Yahudawa da gwamnatin Roosevelt ne ke tura ƙasar yaƙi.

Ƙuri'un jin ra'ayi na lokacin suna nuna wani abu mai kama da tufka da warwara. In an tambayi mutane ko a shiga yaƙi yanzu, kusan takwas cikin goma sai su ce a'a, kuma haka suka yi ta cewa har cikin 1941. In kuma aka tambaye su wanne ya fi muhimmanci, a kauce wa yaƙi ko a taimaki Ingila ko da hakan zai jawo yaƙi, mafi rinjaye sai su zaɓi taimakon Ingila. Suna son a kayar da Hitila, ba sa son su ne za su kayar da shi. A tsakanin waɗannan amsoshi biyu Roosevelt ya yi ta tafiyarsa. Ana saura kwanaki a yi zaɓen 1940 ya tsaya a Boston ya ce wa iyaye ba za a tura 'ya'yansu wani yaƙin ƙasashen waje ba. A ganina ya san alkawarin ba mai riƙuwa ba ne lokacin da yake yin sa.

Da ya ci zaɓe karo na uku, sai ga doguwar wasiƙa daga Firaministan Ingila Winston Churchill a watan Disamba: kuɗin Ingila sun kusa ƙarewa, nan gaba kaɗan ba za ta iya biya hannu da hannu ba. Doka kuma ta hana bashi. Ranar 17 ga Disamba Roosevelt ya tara 'yan jarida a ofishinsa ya kawo musu misali. Ya ce a ce gidan maƙwabcina ya kama wuta, ni kuma ina da tiyon ban ruwa. Ba zan tsaya ina ce masa tiyon nan dala 15 na saya, biya ni tukuna ba. Zan ba shi ne ya kashe wutar, in ya gama ya dawo mini da abina, in ya lalace ya sake mini wani. Kowa ya gane misalin, shi ya sa ya yi tasiri. Sanata Robert Taft ya mayar masa da martani cewa aron kayan yaƙi kamar aron cingam ne, ba wanda ke son a dawo masa da shi. Taft ne mai gaskiya a kan wannan, domin tankar da aka ƙona a hamadar Libiya ba ta dawowa. Amma misalin tiyo ne ya zauna a kan mutane. Bayan wata biyu ana tafka muhawara, Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 60 da 31, aka sa wa dokar aro da haya hannu ranar 11 ga Maris 1941. An fara da dala biliyan 7, kafin yaƙi ya ƙare abin ya kai kusan biliyan 50.

A waɗannan watannin ne kuma aka yi abin da ya amsa tambayarka ta farko. Daga Janairu zuwa Maris 1941 hafsoshin Ingila suka zo Washington cikin sirri, sanye da kayan gida, suka zauna da na Amurka. Suka amince cewa in har Amurka ta shiga yaƙi da Jamus da Japan gaba ɗaya, Jamus za a fara gamawa da ita, a riƙe Japan tukuna. Dalilinsu a fili yake. Jamus ce mai masana'antu da masana kimiyyar da za su iya cin yaƙin baki ɗaya, ita ce kuma ke iya durƙusar da Ingila. In Jamus ta faɗi, Japan ba za ta iya tsayawa ita kaɗai ba, amma in Japan ta faɗi, Jamus ko gezau. Wato wata takwas kafin Pearl Harbor an riga an yanke wanda za a fara da shi.

Wani reshe na wannan labari ya biyo ta ƙasarmu. Da Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta zama mai hatsari ga jiragen Ingila, sai aka buɗe wata hanya tun 1940: a kawo jiragen sama cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su, a tashi da su zuwa Legas, Kano, Maiduguri, a bi ta Fort Lamy, wato Njamena ta yau, a ratsa Darfur zuwa Khartum, a gangara Alƙahira. Hanyar ta yiwu ne saboda gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agusta 1940. A watan Agusta 1941 Roosevelt ya sanar cewa kamfanin jiragen sama na Pan American zai karɓi aikin kai jirage da kaya ta wannan hanya, ya kuma gyara filayen sauka. Ma'aikatan farar hula ne a suna, kuɗin kuwa na gwamnatin Amurka ne, jiragen kuma na yaƙi da sojojin Rommel, kwamandan Jamus, ne a hamada. Ke nan tun ba a ji sunan Pearl Harbor ba, Amurkawa na aikin yaƙin Hitila a filin jirgin Kano.

Sai maganar teku. Ba amfanin ƙera makamai in jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus za su nutsar da su a hanya, kuma a 1941 suna nutsar da jirage fiye da yadda Ingila ke iya ƙera sababbi. Roosevelt ya riƙa matsar da iyakar ruwan da ya ce na tsaron Amurka ne zuwa gabas. A watan Afrilu ya ɗauki nauyin tsaron Greenland, a watan Yuli ya sauke sojoji a Iceland. A watan Agusta ya sadu da Churchill a cikin jirgin ruwa a gaɓar Newfoundland, suka fitar da sanarwar yadda duniya za ta kasance bayan an rusa mulkin 'yan Nazi. Ƙasar da ba ta yaƙi tana tsara bayan yaƙi.

Amma dubi abin da ya faru a gida a makon nan ɗin. Wa'adin shekara guda na sojojin tilas ya kusa cika, in ba a tsawaita ba rundunar da aka fara ginawa za ta watse. Ranar 12 ga Agusta aka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Wakilai: 203 da 202. Shugaban majalisar, Sam Rayburn, ya yi wuf ya buga guduma ya rufe maganar kafin wani ya canza ra'ayi. Ƙuri'a ɗaya tak, saura wata huɗu a kawo hari.

Ranar 4 ga Satumba wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Greer yana kan hanyar Iceland da wasiƙun sojoji, sai jirgin saman Ingila ya sanar da shi akwai jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus a gaba. Greer ya bi sawunsa sama da awa uku yana faɗa wa Ingilishi inda yake, jirgin saman ya sako wa na Jamus ɗin bama-bamai. Da Bajamushen ya gaji, ya harbo wa Greer makami, bai same shi ba, Greer ya rama, shi ma bai samu ba. Da Roosevelt ya zo ba jama'a labari ta rediyo bayan mako guda, sai ya ce Jamus ce ta fara harbi ba gargaɗi, ya tsallake zancen bin sawu da na jirgin Ingila. Ya kwatanta jiragen Jamus da macizai, ya ce ba a jiran maciji ya yi sara kafin a murƙushe shi, ya ba da umarnin harbi da an gani. Ina cikin masu ganin manufarsa daidai ce, amma a wannan dare bai gaya wa mutanensa gaskiya ba, kuma shugabannin da suka biyo bayansa sun koyi wannan dabara. A watan Oktoba aka harbi jirgin Kearny, sojoji 11 suka mutu. Ranar 31 ga watan aka nutsar da Reuben James da mutum kusan ɗari.

A nan zan amsa tambayarka ta biyu, gwargwadon abin da hujja ta nuna. Bayan Reuben James ba a ga jama'a sun fito suna neman a shiga yaƙi ba. Da aka nemi Majalisa a watan Nuwamba ta bar jiragen kasuwancin Amurka su ɗauki bindigogi su shiga tashoshin Ingila, da ƙyar ta wuce a Majalisar Wakilai, 212 da 194. Roosevelt bai ko gwada neman a ayyana yaƙi ba, don ya san lissafin. Hitila shi ma yana ta ja wa hafsoshin ruwansa kunne su guji tsokanar Amurka har sai ya gama da Rasha, wadda ya afka wa a watan Yuni. Ra'ayina shi ne, da ba Japan, da Amurka ta ci gaba da wannan rabin yaƙi na teku da makamai watanni da dama, kuma da jiragenta suka fara shiga tashoshin Ingila ana nutsar da su, da wuya a ce ba a kai ga yaƙi sosai da Jamus ba. Sai dai da ta shiga a makare, kuma da kai a rabe, rabin ƙasa na zargin shugaban da jefa su. Abin da Japan ta ba Roosevelt shi ne haɗin kan da ya kasa samu da kansa.

Ita Japan man fetur ne ya kai ta. Tana yaƙi a Sin tun 1937, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na man da take amfani da shi daga Amurka yake zuwa. Da Faransa da Holan suka faɗi, ƙasashen da suke mulka a kudu maso gabashin Asiya suka zama kamar gonar da ba mai gadi, musamman Indonesiya ta yau mai rijiyoyin mai. A watan Satumba 1940 Japan ta shiga arewacin Indochina, wato yankin Vietnam na yau da ke hannun Faransa, ta kuma ƙulla ƙawance da Jamus da Italiya, Amurka ta hana sayar mata da tsofaffin ƙarafa. A watan Yuli 1941 ta mamaye kudancin Indochina, sai Amurka ta ƙulle dukiyar Japan da ke bankunanta ranar 26 ga watan, abin da a aikace ya tsayar da man cak. Ingila da Holan suka bi sahu. Shugabannin sojan Japan suka ga gaba kura baya sayaki: ko su janye daga Sin bayan shekara huɗu suna zubar da jini, ko su ƙwaci man Indonesiya da ƙarfi kafin ajiyarsu ta ƙare. In kuwa za su yi kudu, Filifin da ke hannun Amurka tana kan hanya, rundunar ruwan Amurka kuma tana Hawaii tun 1940. An yi ta tattaunawa a Washington har ranar 26 ga Nuwamba, da sakataren harkokin waje Cordell Hull ya miƙa musu takardar da ke neman su fice daga Sin da Indochina baki ɗaya. A ranar ce jiragen ruwa shida masu ɗauke da jiragen sama suka bar arewacin Japan suka nufi Hawaii.

Da safiyar Lahadi jirage kimanin 350 suka sauko a kan Pearl Harbor. Amurkawa 2,403 suka mutu, 1,177 daga cikinsu a jirgi ɗaya, Arizona. Za ka ji ana cewa Roosevelt ya san da harin ya ƙyale. Gwamnatinsa ta san yaƙi na tafe, domin tana karanta saƙonnin sirri na jakadun Japan, har ta aika wa kwamandoji gargaɗi ranar 27 ga Nuwamba. Amma hankalin kowa na kan Filifin da Malaya da Thailand. An yi bincike iri-iri tun daga lokacin, ba a samo shaidar cewa ya san Hawaii za a dosa ba. Kuma mai neman dalilin yaƙi da Jamus, me zai yi da asarar jiragensa a wani tekun dabam?

Wannan ma ita ce matsalar da ya kwana da ita. Ranar 8 ga Disamba Majalisa ta ayyana yaƙi, amma kan Japan kaɗai. Dattawa 82 ba mai ja, Wakilai 388 da 1. Bai ambaci Jamus a jawabinsa ba. Fushin jama'a duk yana Fasifik, ga shi kuma an riga an yi wa Ingila alkawarin Jamus za a fara. Yarjejeniyar da ke tsakanin Jamus da Japan ba ta tilasta wa Hitila komai ba, tunda ta tanadi taimako ne in an kawo wa ɗayansu hari, nan kuwa Japan ce ta kai. Da ya yi shiru, da ya bar Roosevelt da aikin shawo kan Majalisa. Amma shi a ganinsa Amurka ta daɗe tana yaƙarsa a teku, hafsoshinsa na ta roƙon a sake musu mara su nutsar da jiragenta, kuma ya ɗauka Japan za ta riƙe ta shekaru. Ranar 11 ga Disamba ya ayyana yaƙi kan Amurka, Musolini ya bi shi. Faɗuwa ta zo daidai da zama. A ranar Majalisa ta mayar da martani, a ranar kuma shugabannin America First suka rushe ƙungiyarsu.

Ƙuri'a ɗayan nan da ta ƙi yaƙi da Japan ta Jeannette Rankin ce, 'yar jihar Montana, mace ta farko da aka taɓa zaɓa zuwa Majalisar. Tana cikin mutum 50 da suka ƙi yaƙin 1917 a Majalisar Wakilai. Wannan karon ita kaɗai ce, har sai da ta fake a rumfar tarho saboda cincirindon da ya biyo ta, 'yan sanda suka zo suka raka ta ofis. Da aka zo ƙuri'ar Jamus da Italiya bayan kwana uku, aka kira sunanta, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, cewa kawai ta yi tana nan.